Shekarar da Na Ƙirƙiro Koren Fure

Bana ma ruwa ya nuna mana halinsa. Ya sauko da wuri kamar abin kirki, kowa ya zuba masara, sai ya ɗauke kusan mako uku bai yi wa kowa sallama ba. Ni da ba ni da gona yanzu sai 'yar rumfar fulawa a bakin titi wajen Azuba, kusa da Lafia, aikina ya koma jan guga safe da yamma, ina shayar da abin da ba a ci ba a sha. Ana cikin wannan tsaiko wata mota ta tsaya a gabana, wata mata ta fito riƙe da kular ƙanƙara. Na ce a raina, to, yau mai zoɓo ta yi arziki har ta sayi mota.

"Baba, sannu da aiki. Sunana Dokta Rahila, daga jami'a nake. Zan iya duba fulawoyinka?"

"Dubawa kyauta ne, Dokta. Taɓawa ce sai an yi ciniki."

Ta yi dariya. Ta wuce duk masu kyan da na jera a gaba don jan ido, ta zagaya bayan rumfa, inda na ɓoye wasu tukwane uku da ba na so kowa ya gani. Fulawar nan ce mai ganye sulɓi-sulɓi, mai fure fari ko ruwan hoda, wadda masu boko ke ce wa firiwinkil, mu kuma muke ce mata ba-ki-mutuwa. Dokta ta durƙusa da zaninta mai tsada a cikin ƙasa, ta yi murmushi irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Baba, ka ga furen nan ya koma kore? Duba da kyau, ba fure ba ne ma, ganye ne ya fito a gurbin fure. Ka ga rassan sun cunkushe wuri ɗaya kamar tsintsiya, ganyen ƙanana, sun yi rawaya-rawaya? Kuma na san ba ta yi maka 'ya'ya ba."

"Ikon Allah," in ji ni.

Ta ce wani abu ne ƙanƙani da ke zama cikin jijiyar ganye, hanyar da abincin shuka ke bi, wai sunansa faitofilazma. Ta ce ba ya yarda a rene shi a kwano kamar sauran ƙwayoyin cuta, sai dai a tsinke jijiyar ganyen, a niƙa, a ba na'ura ta faɗi gaskiya. Abin da ya kawo kular ƙanƙara ke nan. Ta ce wani ɗan ƙwaro mai tsalle, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ke tsotsa a nan ya kai can. Ko kuwa mutum ya yanki reshen mai ciwo ya dasa da hannunsa.

"Amma ba ta iri yake bi ba, Baba. Iri ba ruwansa."

Na gyaɗa kai kamar yau na fara ji. Ta tsinki ganyenta, ta rubuta lamba a leda, ta ce za ta dawo da sakamako. Motarta na tashi na zauna a kan bokiti. Maganar nan ta ƙarshe an taɓa faɗa mini ita shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, a bayan kicin ɗin wani Oga. Na haɗiye ta. Wadda ta ɗauki nauyin haɗiyar kuwa matata ce, Asabe, kuma har ranar da Dokta ta zo ba ta sani ba.

A lokacin Lafia tana ƙarƙashin Jos, kuma ni babban mutum ne. Na yi aji huɗu a firamare, ina da biro a aljihun gaba, ni ke karanta wa unguwa wasiƙa, in na kai inda ban gane ba in ce mai wasiƙar yana gaishe da kowa. Aikina gadina, wato mai kula da fulawa da ciyawa a gidan wani babban ma'aikacin gwamnati. Gidanmu yana bayan gari, da gonar gado a bayansa tana gangarawa zuwa rafi. A ciki akwai mahaifiyarmu Iya, da Yaya Musa da iyalinsa, sai ni da Asabe, 'yar garin Obi, shekararta biyu a gidan, da ɗanmu na fari Sale a goye.

Ruwan farko na shekarar ya zo da ƙarfi, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka cika kwano da shinge. Muka shuka masara. Ta kai gwiwa, sai sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya a guje, iska ta kaɗa, ya watse ya bar mu da zafi. Ganyen masara ya murɗe kamar igiya. Doya ta hau sanda ta tsaya rabin hanya. Rafi ya koma yashi, sai mata su tona rami su zauna suna jiran ruwa ya tsatso, a ɗiba da ƙoƙo kaɗan-kaɗan, mai ruwan ƙasa-ƙasa. Kasuwa ma ba daɗi, zamanin da sabulu da madara sai an bi layi ne, ka kai gaba a ce ya ƙare.

Da safe koko ne, tsararo, ba sukari, kana hango gindin kwano tun kafin ka kurɓa. Da rana kowa ya kama bakinsa. Da yamma tuwon alabo da miyar busasshiyar kuɓewa, gishirin garin Awe kaɗai ke nuna cewa miya ce. Iya ke riƙe da rumbu. Tana da ƙwaryar da take aunawa kullum, sai wata rana muka ga ƙwaryar ta ƙanƙance. Ba ta ce ta canza ba, mu ma ba mu ce mun gani ba.

Ni kuwa, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ina samun ɓawon burodi da sauran shayi a kicin ɗin Oga. Kuma ina riƙe da tiyo, ina kwarara ruwan famfo a kan ciyawar da ba ta da aikin yi sai a kalle ta, alhali matata na durƙushe a yashi tana jiran ƙoƙo ya cika.

A cikin wannan fari ne wata safiya na tarar da ba-ki-mutuwa guda biyu a gefen barandar Oga sun yi koren fure. Kore shar, mai tsari, ɗaya cikin ɗaya kamar ɗan kabeji. Ina tsaye ina kallo Madam, matar Oga, ta fito. Hausarta irin ta barikin nan ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Gadina! Wannan fulawa, kai ne ya yi shi?"

Amsar gaskiya gajera ce: haka na gan shi. Amma na ji biro na motsi a aljihuna.

"Ni ne, Madam. Haɗi ne."

"Wane irin haɗi?"

"Sirrin aiki ne, Madam."

Sirrin kuwa bai wuce toka da ganyen shayin da nake zuba wa kowace fulawa ba. Kafin mako ya zagayo matan manya sun fara zuwa da direbobinsu kallon koren fure. Kowace tana so. Na jira ya yi 'ya'ya in tara iri, ya ƙi. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa wace irin albarka ce ba ta haihuwa. Ni sai na ɗauko reza. Na yanki rassa na dasa a gwangwanayen madara, wasu suka mutu, wasu suka kama, na rarraba gida-gida. Sauran gadinoni suka laƙaba mini Farfesa. Da farko tsokana ce, amma da na fara amsawa da "Na'am" sai ya zauna.

Farfesa ba ya barin gidansu ba shaida. Na ɗaure gwangwani goma sha biyu a bayan keke na kai gida, na jera su tun daga ƙofa har jikin dangar gona, don mai wucewa ya tambaya. Asabe ta fito da Sale a baya ta duba.

"Malam, wannan fulawa ce ko ciyawa? Ni kamar ba ta da lafiya na gani."

"Ke me kika sani? Matan manya layi suke yi a kanta."

"To Allah ya ba su haƙuri."

Na kuma kafa doka cewa ruwan wanke-wanke, wanda dā ake ba awaki, a riƙa zuba wa fulawata. Ita ce ke zubawa.

Ruwa bai dawo sosai ba sai da damina ta raba tsakiya. Masara ta riga ta tafi, doya ba ta da tabbas. Abin da ya rage wa mai gona a ƙasar nan a irin wannan lokaci shi ne riɗi, don ba ya son ruwa da yawa, kuma in ya yi, 'yan kasuwa har gida suke biyo shi, ka juya shi ya zama dawa. Yaya Musa ya ce a share gonar duka a zuba riɗi. Sai aka buɗe tulun iri aka tarar wayam. Ya tafi cikin miya tun watannin baya, cokali-cokali, kuma kowa ya sha, don haka ba wanda ya ɗaga murya.

Asabe ce ta ce babanta na da shi. An san shi a wajen Obi da farin riɗi mai cika kwanso, mutane na zuwa daga nesa neman irinsa. Ta tafi da goyo, rabi a bayan akori-kura rabi a ƙasa, ta kwana biyu ta dawo da gora an toshe bakinta da totuwa, irin a ciki gauraye da toka. Ƙafafunta sun kumbura, amma tana shigowa da dariya.

A gidanmu ba kowa ke watsa riɗi ba. Ƙwayarsa ƙanana ce, sai an gauraya da yashi, kuma hannu ɗaya ke watsa gona daga farko har ƙarshe don kada wani wuri ya yi cunkoso wani ya yi sanƙo. Bayan wannan kuma mun yarda akwai hannu mai albarka, akwai wanda in ya taɓa iri sai a yi addu'a. Tun kafin a haife ni hannun Iya ne. A shekarar kafaɗarta ta riƙe, ko tsefe kai ba ta iyawa. Ta ɗauki ƙwaryar iri ta miƙa wa Asabe a gaban kowa.

"'Yar Obi, ke kika ɗauko, ke za ki watsa."

Ranar an yi yayyafi tun asuba. Maƙwabta suka zo gayya, garma na tashi tana sauka, ƙasa baƙa tana tururi, ga tukunyar kunu a gindin ɗorawa wadda Iya ta kashe ƙwarya uku a kanta. Asabe ta ɗaure zani a ƙugu, ta cire takalmi, ta yi bisimilla. Taku ɗaya, hannu ɗaya. Tana wurgawa yashin na buɗewa a iska kamar an shimfiɗa mayafi. Mu maza muna biye da rassan bishiya muna ja don a rufe. Wani dattijo cikin 'yan gayya ya ce wa Iya, "Kin yi magajiya." Asabe ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba, amma har yamma kunnenta na murmushi.

Riɗi ya fito ɗaya bai taka ɗaya ba. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Muna cin tuwon alabo muna leƙen gona ta kan danga, sai tuwon ya fi wucewa. Aka sake ɗan yin tsaiko na kwana goma, da zafi mai nauyi. In ka ratsa gonar da hantsi wasu ƙananan ƙwari na tashi suna tsalle a gabanka, ba wanda ya kula su. Lokacin fure ya yi. A inda ya kamata farin furen nan mai kama da ƙaramar ƙararrawa ya fito, sai ga tulin ƙananan ganye. Kan riɗin ya cunkushe, ya yi gashi, ba kwanso. Mu nan cewa muke riɗi ya zama namiji. Akan ga ɗaya-ɗaya kowace shekara, a tuge a yar. A shekarar an gani a gonakin mutane da dama, amma namu ya fi na kowa, kuma ya fi muni ta wajen danga.

Na tsaya na dubi kan riɗin, na waiwaya na dubi fulawata. Aji huɗu ma ya isa mutum ya ga kama. Na ce wa kaina rana ce ta dake ni.

Ba a yi mako ba wani malamin gona, Mista Ayuba, mutumin wajen duwatsun Eggon, ya kawo wa Oga takarda. Yana jira a baranda idonsa ya faɗa kan abin alfaharina. Ya sunkuya, ya juya ganyen, ya tambayi mai gadi wa ke kula da lambu. Ya ja ni bayan kicin.

"Kai ne Farfesa?"

"Haka yara ke faɗa, ranka ya daɗe."

"Abokina, wannan ba sabon fure ba ne. Ciwo ne. Ka ga riɗin mutane bana? To abu ɗaya ne. Ƙwaro ke ɗauka daga wannan ya kai wa wancan. Ka kai wani wuri?"

"Nan-nan dai cikin bariki."

"Kusa da gona fa?"

"A'a."

"To madalla. Ba shi da magani, tugewa ake yi a ƙone. Ba zan gaya wa Madam ba, kowa da abincinsa. In kuma ka ji manoma na zagin iri, ka ce musu ba ta iri yake bi ba. Ku masu ɗan karatu ku ne za ku taimake mu."

Na ce in sha Allahu. Na gaya wa Madam lokacin koren fure ya wuce, sai baɗi. Na gida kuwa na jira ranar da mata suka tafi rafi, Yaya Musa ya tafi kasuwa, Iya na barcin rana, na tuge su duka na cusa a buhu na ƙone a bayan makabarta. Da Asabe ta tambaya na ce Madam ce ta aiko a mayar. Ta ce to, awaki sun huta.

Muka yanke abin da ya samu, muka ɗaure dami-dami muka jingina su tsaye su bushe. Ranar kakkaɓa aka shimfiɗa tabarmi huɗu kamar yadda aka saba. Ana juya dami a buga, maimakon ka ji shaaa kamar ruwan sama, sai ɗan tsit-tsit. Abin da gonar nan duka ta bayar bai rufe tabarma ɗaya ba. Yaran Yaya Musa da suka zo da niyyar a yi musu kantu suka koma gefe.

Iya ta zauna a kan turmi. Ta daɗe tana kallon tabarmar, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ɗanladi, kai ne ɗan boko, kai ke zama da manya. Ƙasar nan ita ce ta bara. Ruwan da ya sauka a gonar maƙwabcinmu Audu shi ya sauka a tamu, amma Audu ya samu rabi. Me ya sami riɗin nan?"

Kowa ya juyo. Asabe na tsaye da faifai a hannu. Maganar Mista Ayuba tana nan a bakina, ɗumi-ɗumi, ba abin da ya rage sai in buɗe. Sai na hango unguwa duka tana cewa Farfesa ya ɗauko wa uwarsa ciwo a kan keke, gwangwani goma sha biyu, har da dokar a shayar da shi. Na gyara biro.

"To, Iya, a makaranta dai an ce mana komai daga iri yake farawa."

Ban ce irin wa ba. Shekara da shekaru da wannan nake lallashin kaina, wai ban kama suna ba.

"Ko iri, ko hannu," in ji Iya a hankali.

Iya ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Ta kira Asabe ta kama hannun nata ta juya shi, ta ce, "Ba laifinki ba ne, 'yata. Haka Allah ke yin wani hannun, ya ba shi girki ya hana shi shuka. Ki riƙe mana tukunya." Asabe ta ce, "To, Iya." Ta ajiye faifan a ƙasa, ta goge tafinta a zani, ta sake gogewa.

Ranin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Rogo muka ci, dafaffe da safe, jiƙaƙƙen gari da rana, har bakin yara ya yi fari. Yaya Musa ya sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya. Nonon Asabe ya ja baya, aka yaye Sale da kunun da ba shi da kauri, yana kuka da muryar da ba ta fita. Ni ina kawo ɓawon burodi a aljihu, ana yi mini godiya. Allah ya sa ba mu binne kowa ba. Damina ta gaba ta yi kyau, kafaɗar Iya ta saki, ta karɓi ƙwaryarta.

Asabe kuwa tun daga ranar ba ta sake sa iri a ƙasa ba. Ta yi noma, ta yi cira, ta yi girbi, ta yi sussuka, duk wahalar gona ta sha. Amma ko barkono za a shuka a fasasshiyar tukunya, sai ta leƙa katanga ta kira maƙwabciya. Kowace damina ina cewa bana zan faɗa. Da Iya na da rai na ce sai bayan ranta, kada in kunyata tsohuwa. Da ta rasu na ce ai maganar ta tsufa. Yaya Musa ya bi ta. Gonar ma gari ya cinye ta, yanzu shagon cajin waya ne a inda ɗorawar take.

Bayan mako uku Dokta Rahila ta dawo, ruwa ya riga ya dawo shi ma. Ta nuna mini hoto a wayarta, wasu fararen layuka a cikin duhu, ta ce ga nawa nan, uku duka sun kamu, in tuge in ƙone. Na ce ai na iya wannan aikin. Sannan na yi gyaran murya.

"Dokta, wani abokina ne, ya rasu ma. Wai ya taɓa dasa irin wannan a gefen gonar riɗi, riɗin ya lalace. Shi ya jawo ke nan?"

"Zai iya zama, Baba. Zai iya zama kuma ƙwarin sun kawo daga daji ko daga gonar wani. Bayan shekaru ba mai iya rantsewa." Ta dube ni ta saman tabarau. "Amma ya ƙara wa wuta itace, Allah ya jiƙansa."

"Amin. To wanda ya watsa irin fa? A ce hannunsa?"

"Hannu kuma? Baba, hannu me ya yi?"

Na rufe rumfa tun kafin la'asar. Na tarar da Asabe a tsakar gida tana ɓarar agushi, tabarau a kan hanci, jikoki sun tafi Islamiyya. Na jawo kujera na zauna nesa kaɗan, inda muciya ba za ta kai ba.

"Maman Sale, kin tuna shekarar riɗi?"

"Wa zai manta? Lafiya ka dawo da wuri?"

Na faɗa mata. Na so in fara da sunan ciwon don abin ya yi kama da ilimi, amma harshena ya ƙi ɗauka, sai na faɗa da Hausar da aka haife ni da ita. Gwangwanaye, Mista Ayuba, buhu, bayan makabarta. Hannunta bai daina ɓara ba sai da na kai ƙarshe.

"Malamin gonan nan, kafin Iya ta tambaye ka ya gaya maka, ko bayan?"

"Kafin."

"Da kwana nawa?"

"Ya fi wata."

Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya wuya. Na ma fi so a ce ta ce ai ta daɗe da sani. Ba ta sani ba. Ta buɗe tafin hannunta na dama a kan cinya tana kallo kamar na wani ne aka ba ta ajiya.

"Da Sale ya yi gonarsa ta fari ya kawo mini iri in sa masa albarka," in ji ta. "Na ɓoye hannuna a zani na ce ya kai wa matar Audu. Yaron nan ya yi fushi da ni har wata biyu, yana cewa ba na son ci gabansa."

Ta rufe tafin, ta ci gaba.

"Maganar ta kai Obi, ka sani? Mutane suka daina zuwa neman iri wurin Baba. Da na je jinyarsa ta ƙarshe ya kama ni ya ce, Asabe, ki yafe mini, na ba ki abin da ya zubar miki da mutunci a gidan miji. Na ce masa ba irinka ba ne, Baba, hannuna ne. Muna ta jayayya, shi yana cewa nasa ne, ina cewa nawa ne. A haka ya tafi."

"Maman Sale, don Allah..."

"Tsaya, Malam. Ba ni kaɗai za ka gaya wa ba. Wana, Yaya Ogiri, na nan da rai a Obi, kunnensa ɗaya na ji. Ranar Juma'a za ka shiga mota, ka zauna a zauren Baba, a tara 'ya'ya da jikoki, ka faɗa kamar yadda ka faɗa mini, har da keken. Ka bar biron a gida."

"Ni kaɗai?"

"Ina bayanka a motar. Kar ka sauka a hanya."

Ta tattara agushinta ta shige ɗaki. Ranar na ci tuwo, ba a hana ni ba, sai dai jika aka aiko da shi.

Washegari da hantsi na ji motsi a bayan gida, ɗan filin da nake ajiye tukwanen da ban kai rumfa ba. Na zagaya. An kwashe tukwanen an tara su a bakin kwata, an kafce wurin. Asabe na tsaye ba takalmi, da ƙwarya a hannun hagu, riɗin kofi ɗaya da ta sayo a kasuwa gauraye da yashi. Wurgi na farko ya zube wuri ɗaya a gaban ƙafarta. Ta tsaya. Ta ɗebo na biyu ta riƙe. Na matso in ce wani abu, ko in nuna mata yadda ake yi, tunda ni Farfesa ne.

Ba ta ko dube ni ba.

"Matsa, Malam. Kana tsaye inda zan watsa."